Tabilet ɗin da na saya wa ɗiyar fari

Ni tela ne a unguwar Kalley ta Yamai, kuma lakwal ɗin da na yi, wato boko, ba ta kai a ba da labarinta ba. Na koyi miƙewa tsaye in mushe, wato malamin lakwal, ya shigo aji, na koyi zama in ya ce a zauna, sai mahaifina ya lura cewa tashi da zama ana iya yin su a gaban keken ɗinki ma, ya cire ni. Rubutun nan da kuke gani a ajin manya na tsince shi, gemu ya riga ya fito. Saboda haka in kun ji ni ina tsoma baki a maganar abin da ya dace da ɗalibin jami'a, ba sani ne ya kai ni ba. Ɗiya ce ta kai ni.

Ɗiyar fari ce. A wajenmu, can ƙasar Maraɗi inda aka haife ni, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar, kuma na ɗauko ta na zo da ita Yamai tare da almakashina. Uwarta ma ta fi ni riƙon abin. Ni da bakina ba ya hutawa, ni da nake tsokanar kowa tun daga mai shayi har ladanin unguwa, in yarinyar nan ta shigo tsakar gida sai in yi tsit kamar an bi leɓena da zare. In akwai abin da nake so ta sani, ƙanwata nake gaya wa, gwaggonta, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Wani lokaci mu uku muna zaune a inuwa ɗaya, in ce da gwaggo ta ce da waccan ta rage dawowa da rana tsaka, gwaggo ta juya ta maimaita, waccan ta amsa wa gwaggo, ni kuma in jira a kawo mini amsar da na riga na ji.

Da ta shiga shekararta ta uku a jami'a, can ƙetaren gada a Harobanda, gwaggo ta kawo mini saƙo: a ƙarshen shekara za ta rubuta wani dogon rahoto da suke kira memuwar, a kan masu lambu na bakin kogi, kuma tana bukatar ordinatar, wato kwamfuta, irin wanda ake buɗewa kamar akwati. Saƙon ya iso daidai, ba wanda ya karkata shi. Na sa hulata na nufi wajen wani ɗan kasuwa da nake yi wa ɗinki, a bayan Babbar Kasuwa.

Ya ajiye mini abu biyu a kan tebur. Ordinatar, da wani falle mai gilashi kamar faranti, wanda ya ce sunansa tabilet. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, yadda nake auna yadi a hannu. Ordinatar yana da nauyi, na tuna kafaɗarta da cunkoson motar faba-faba da ranar da ke dukan mutum a kan gada. Ɗan kasuwar ya ce batirin tabilet yana wuni, ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ruwansa, yana ɗaukar hoto, yana ɗaukar murya, littattafai suna shiga cikinsa fiye da abin da jaki zai iya ɗauka. Ya ce duk abin da wancan yake yi, wannan yana yi. Akwai kuma wani dalili nawa na kaina. Da na taɓa gilashin da yatsa, sai abin ya motsa, ya bi ni. Ordinatar kuwa da maɓallansa birjik kallona yake yi irin kallon da mushe yake yi mini in ban iya karatu ba.

Wayata tana aljihu, lambar yarinyar tana ciki. Wani uban da ya kira ya tambaya. Ni na shafa aljihun kawai, na ce a naɗe mini tabilet.

Na ɗinka masa riga da ragowar yadin bazan mai ruwan toka, har da maɓalli. Na ba gwaggo, gwaggo ta kai. Amsa ta dawo cewa ta gode, Allah ya ƙara buɗi. Na ji daɗi har na yi wa mai shayi kyautar dariya a kan tsokanarsa mara gishiri. Sai daga baya, ina tsakiyar yanka wuyan wata riga, na tuna cewa ko bulo na naɗe na aika mata, amsar ke nan da za ta dawo.

Daga nan hankalina bai sake zama wuri ɗaya ba. Wata ma'aikaciyar asibiti da ta kawo ɗinki ta ce ɗanta ya yi ta fama da irinsa, ƙarshe ya bar wa ƙannensa suna kallon wasa. Na bi ta har bakin titi ina tambayar mi ya hana shi aiki, ta ce ita dai ba ta sani ba, in sakar mata mayafi. Sai na shiga tambayar duk wanda ya ratso shagona. Wani direban taksi ya ce ɗalibai yanzu duk da waya suke karatu, tabilet ma gata ne. Wata mata daga Koira Kano, unguwar masu hali, ta ce 'ya'yanta kowa da ordinatar ɗinsa, tabilet na jikoki ne. Wani ya ce ya dogara da abin da ake karantawa, na ce labarin ƙasa, ya ce to shi bai sani ba. Ina auna ƙirjin mutum da santimita ina tambayarsa, har in manta awon in sake. Abin ya kai 'yan layinmu in sun gaishe ni da safe, bayan iyali da gajiya sai su ƙara da yaya tabilet ya kwana.

Na aiki gwaggo ta tambaye ta ko abin yana aiki. Ta dawo ta ce yana aiki. Na ce ta koma ta tambaya ko yana aiki sosai. Gwaggo ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni.

"Yaya, mi kake so ta ce? Ta aiko ni in gaya maka ubanta ya sayo abin da ba shi ba?"

Na ce ni tambaya kawai na yi. Ta ce to ta ba ni amsa kawai.

Ina ganin yarinyar da yamma a ƙofar ɗakinsu, tabilet a cinya, tana karatu. Wani lokaci murmushi, wani lokaci tana dannawa da yatsu biyu kamar kaza tana tsattsagar gero, ta tsaya, ta goge, ta sake. In na ga murmushin sai in ce na yi daidai. In na ga tsattsagar sai tuwo ya ƙi wucewa. Haka na ci watanni, ina wucewa ta gabanta da buta ko ba ni da niyyar alwala.

Da zafi ya kama gadan-gadan, wata safiya na rufe shago, na ɗauki wata riga da aka gama na sa a leda don in sami abin faɗa in an tambaye ni, na hau faba-faba zuwa Harobanda. Mai rigar a Kalley yake zaune, amma leda ba ta magana. Na sauka kusa da jerin shagunan da ɗalibai suke buga takardu, na sayi ruwan sanyi, na zauna a benci kamar mai jiran wani. So nake in ga da idona abin da 'ya'yan mutane suke riƙewa. Na ga masu ordinatar, na ga masu tabilet, na ga masu waya, na ga masu kaye da bik kawai, wato littafin rubutu da biro, suna tafiya da ƙarfin hali. Ban ƙaru da komai ba.

Ina shirin tashi sai na ji wata murya daga cikin wani shago, mace tana faɗa da mai buga takardu. Faransanci take yi, in ya ƙare mata ta zuba Zabarmanci, ta rufe da Hausa. Tana gaya masa cewa jiya ma haka ya ce, injinsa ne ya tsufa ko shi ne ya tsufa, ya zaɓi ɗaya. Mutane suna dariya. Na ce a raina wannan ɗiyar wani mai baki ce. Na leƙa. Rigar tabilet ɗin nan ta bazan mai ruwan toka na fara gani a hannunta.

Tun da aka haife ta ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mai gaisuwa ba. Na tsaya da ledata ina jin bakina ne sak a fuskar wani, har wani daɗi ya taso mini. Amma abin da mutumin yake nuna mata ba na daɗi ba ne. Ya baza takardun a kan kanta. Ko ni da ban iya karatun Faransanci ba na ga ɓarnar: layukan da aka ja don jera lissafi sun hau kan juna, hoton lambu ya tsallaka ya zauna a kan rubutu, wani shafin rabinsa fari. Ya ce abin da aka tsara a tabilet in ya shigo injinsa haka yake watsewa, kuma malamansu ba sa karɓar aiki sai gefe da gefe sun daidaita yadda suka ce. Na gane wannan. Riga ce da ta zauna daidai a jikin gunki, aka sa wa mutum ta bi ta karkace. Ya ce sai dai ta sake tsara shi a ordinatar, nasa kuma akwai layin masu jira har ƙofa.

Ta tattara takardun ta juyo, muka yi ido huɗu. Akwai wata bishiyar dogon yaro a gefen shagon. Ban taɓa duban bishiya da natsuwa irin ta ranar ba, na bi ta da kallo tun daga saiwa har reshe. Da na sauke kai ta tafi.

Da yamma gwaggo ta same ni ba tare da na aike ta ba. Ta ce ga saƙo. Tabilet ya yi mata amfani, duk karatun shekarar a cikinsa ta yi, da shi take ɗaukar muryar malamai a babban ɗakin da na baya ba sa jin na gaba, da shi ta ɗauki hotunan lambuna da maganar masu lambu, kuma ba ta so a mayar da shi. Amma dogon rubutu a kan gilashi wahala ne, haruffan dannawa suna cinye rabin fuskar gilashin, tsarin kuma ba ya tsayawa. An sa musu ranar ƙarshe ta kai memuwar, ta matso, wanda bai kai ba sai baɗi. Gwaggo ta numfasa ta ce saƙon ya ƙare, saura nata: mi ya kai ni Harobanda? Na ce riga na kai. Ta ce rigar da ke rataye a bayana cikin leda?

Sai baɗi. Kalmar ta bi ni masallaci ta biyo ni gida. Shekara guda ta yarinya, da tashin asuba da tsayuwa a gada, saboda wani tsoho ya ji daɗin gilashi ya bi yatsansa.

Kusa da shagona akwai wani tsohon mushe da ya yi ritaya, mutumin Dogonduci, Kirista. Ni nake ɗinka masa kayan zuwa coci, kullum ina ce masa cikinsa ne yake ƙaruwa yana cewa ni nake satar yadi. Shi kaɗai ban tambaya ba duk watannin nan, don na san zai yi mini dariya. Ya kuwa yi, har da riƙe ƙofa. Da ya gama ya ce yana da tsohon ordinatar, rubutu dai yana yinsa lafiya, amma batirinsa ya mutu tuni, sai an jona shi da kuran yake rayuwa. Ya ce a ɗauka.

A gida, a irin wannan zafi, kuran ba shi da alkawari, yana zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. A shago kuwa ina da ɗan ƙaramin gurup, wato janareto, mai shan esansi da nake tayarwa in an ɗauke. Na juya maganar ta kowane gefe, ba ta da wata mafita. Na ce da gwaggo ta ce da waccan ta zo shago ta yi aikinta.

Shagona in na miƙe hannu biyu ina kusan taɓa bango da bango. Na kwashe yaduddukan da ke kan teburin yanka na tara su a ƙasa, na ba ta kusurwar. Ta zo da safe ta gaida bango, na amsa wa keke. Ta jingina tabilet da gwangwanin zare tana karanta abin da ta tara a ciki, tana bugawa a ordinatar ɗin mushe. Muka zauna baya da baya, in na ja kujera sai ta taɓa tata. Shagon da aka sani da surutu ya koma kamar ɗakin jinya. Masu kawo ɗinki suna tambaya ko ba ni da lafiya. Tsokana ta zo mini har maƙogwaro in haɗiye ta. Mai shayi ya leƙo ya jefo mini magana, ina da amsarta mai zafi, sai dai in yi masa alama da ido.

Akwai abin da ban lura da shi ba a kwanakin. In muna kan gurup na taka keken surfani, wanda ke aiki da kuran, fitilar shago takan yi ƙasa ta dawo. Na saba da haka. Sau da yawa nakan ji bugun maɓallai a bayana ya tsaya, in ji ɗan numfashi, sai can a ci gaba. Na ɗauka tunani take yi, irin na masu ilimi.

Ranar ƙarshe tun da hantsi aka ɗauke kuran, na tayar da gurup. Wata Hajiya daga Koira Kano, tsohuwar mai kawo mini ɗinki, ta zo ta zauna a bakin shago tana fifita, ta ce ba za ta tashi ba sai da bazan ɗinta, gobe sunan jikanta, surfanin wuya ne kawai ya rage. Na shimfiɗa yadin a ƙarƙashin allura, na ɗaga ƙafa.

"Baba, kada ka taka."

Ba ta juyo ba. Na waiga ina neman gwaggo a shagon da na san ba ta ciki. Ƙafata tana sama.

"In ka taka mutuwa yake yi," in ji ta, har yanzu fuskarta a gilashi. "Abin da ban ajiye ba ya tafi, kuma yana daɗewa kafin ya tashi. Yau ba ni da lokacin sakewa."

Na sauke ƙafar a ƙasa a hankali, gefen keke. Sai a lokacin na gane numfashin nan da nake ji a bayana.

Hajiya ta ce mi ake jira. Na ce keke ne yake hutawa. Ta ce ita ta ji abin da aka ce, ba kurma ba ce, yaushe aka fara ɗiya tana ba uba oda a shagonsa. Na ce yau aka fara, Hajiya, kin zo a sa'a. Ta ce in yarinyar ta dakata kaɗan mana, wuya ɗaya ne. Na saurara ko za a ce wani abu daga bayana, ba abin da ke tashi sai maɓallai. Na ce da Hajiya in za ta jira la'asar zan yi mata surfanin da za a manta da jaririn a wurin suna. Ta ce tun ina da baƙin gashi nake mata irin wannan alkawari. Ta zauna ta ƙara fifita, ta yi waya, ta faɗa wa wadda ta kira duk halin da ake ciki da ƙarfi don in ji. Can ta miƙe, ta zare yadinta daga ƙarƙashin allura da kanta, ta ce telan Kalley ba ni kaɗai ba ne. Gaskiyarta, a layinmu kaɗai ma muna da yawa.

Na zauna. Ban san zama aiki ne ba sai ranar. Na ware maɓallan riga manya da ƙanana, na sake haɗa su. Na ɗauki allurar hannu na kama bakin wani wando da ba a ce in kama ba. Na fita na duba esansin gurup, na dawo, na sake fita na duba. Mushe ya zo ya tsaya a ƙofa yana kallona, ya ce tun da ya san ni bai taɓa ganin hannuna da bakina sun yi hutu rana ɗaya ba, bari ya ɗauko kujera. Na nuna masa almakashi. Zufa tana bin bayana, ko fanka ban yarda na kunna ba, ban san abin da zai ja kuran ya kashe mata aiki ba. Duk sanda gurup ya canza murya sai in miƙe in leƙa shi.

Bayan azahar bugun ya tsaya. Na ji ta zare ɗan abin da suke ajiye aiki a ciki, ta rufe ordinatar, ta sa tabilet a jaka. Ta gaida bango ta fita da sauri, na ga ta tare ɗan kabu-kabu mai babur, ita da ba ta son hawa moto. Saura ta buga takardun, a haɗa su, ta kai kafin a tashi daga ofis, ga cunkoson gada a wannan lokaci.

Ba sauran abin da zai mutu in na taka keke, amma ban taka ba. Na yi la'asar a gurguje na dawo na tsaya a bakin titi ina duban gabas, alhali Harobanda ba ta can take ba. Mai shayi ya tambaye ni, yanzu da na ga komai, tabilet ya dace da ɗalibi ko bai dace ba. Na ce ya dace da karatu, rubutu kuma sai an haɗa masa da tsohon mushe da gurup da tela mai haƙuri. Ya ce na ƙarshen ne zai yi wuyar samu.

Rana ta yi sanyi sannan wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce.

"Ta ce an karɓa."

"Sai mi kuma ta ce?"

"Ta ce malaminta zai duba ya yi gyara, za ta dawo shago ta shigar. Kada ka mayar da yaduddukan nan kan tebur."

Na ce ta ce mata na ji. Na koma ciki na zauna a gaban keken surfani. Ba komai a ƙarƙashin allurar, Hajiya ta tafi da shi. Na taka shi haka nan, fitila ta yi ƙasa ta dawo, na ƙara takawa.